Jakar da Ban Nuna Ba

Tun da na dawo daga Legas ban samu na zauna kan keken ɗinkina na yi aikin kirki ba. Wannan ta shigo, "Zigwai, yaya jirgin sama?" Waccan ta leƙo, "Da gaske kin suma?" To, ga shi na rubuta. Kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Da farko dai, ban suma ba, ban yi amai ba. Wanda ya ce an ji wata tana kiran sunan Yesu daga Kaduna har Legas, Anti Tabita yake nufi. Masu cewa ɓarayin Legas ne suka sace rigar amaryar Yaya Rahila kuma, babu wanda ya saci komai. Amma babban kuskuren da kowa ke yi a garin nan, har da Babana, shi ne wannan magana cewa jirgin gwamnati na masu mutunci ne, jiragen 'yan kasuwa masu araha kuwa na waɗanda suka gaji da duniya. Na hau duka biyun. Ba haka abin yake ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, yayata Rahila nas ce a Legas. Angonta, Ishaya, soja ne a can, ba a ba shi hutu ba, sai aka sa ɗaurin aure a cocin bariki ranar Asabar. Teloli sun cika Legas, amma Yaya ta ce ni zan ɗinka mata farar riga, ni da ban taɓa ɗinka rigar amarya ba. Ƙawayenta suka ce telar ƙauye za ta sa ta fito kamar labulen coci. Ta ce ta ji, ƙanwarta ce dai za ta ɗinka. Ba ta tanadi wata riga ba, ko ta haya. Wannan ku riƙe shi da kyau.

Baba da Mama da sauran dangi sun bi jirgin ƙasa tun farkon mako. Ni na tsaya domin duwatsun wuyan rigar ba su ƙare ba, aikin hannu ne, ba ya son gaggawa. Anti Tabita, ƙanwar Baba, shugabar Zumuntar Mata a cocinmu, ta tsaya tare da ni, wai kada a ce 'yar gidan Gad ta hau jirgin sama babu babba. Ango ne ya ce mu taho ta sama. Baba ya yarda, amma da sharaɗi: sai na gwamnati. Da kansa ya je Kaduna ya yanko tikiti mai shafi-shafi kamar littafin waƙa. Baba tsohon gad ne na jirgin ƙasa, a wurinsa abin da ba na gwamnati ba wasan yara ne. Kafin ya tafi ya zaunar da ni ya maimaita karatun da duk wanda ya tashi a kwatas ɗin reluwe ya haddace.

"Kayan da kika ba ma'aikaci ya ba ki takarda, ya fita hannunki. Kar ki tsaya kina leƙe, kar ki juya kina dubawa. Wannan zargin mutane da sata ne. Mu ba ma yi. Sai kin sauka, ki miƙa takarda, a ba ki kayanki."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ranar Alhamis da safe muka kama hanya. Na naɗe rigar a farin zanen gado, na sa a leda, na sa a sabuwar jakar Gana-mas-go. Anti ta zo da ƙullin daddawa da citta da acca za ta cusa a ciki. Na ce sai dai a fasa auren. Ta ce yaran yanzu ba kunya, ta zuba kayanta a wata ƙaramar jaka ta rungume.

Motar Kaduna ta cika tun a tasha, amma direba ya tsaya a Madakiya ya ƙara mana wani mutum da kaji biyu. Ni dai jakata tana kan cinyata, kaji suna kallonta, ina kallon su. Bayan Kaciya 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ya buga jakar da sanda.

"Mene ne a nan?"

"Rigan amarya ne, ɗana," in ji Anti.

Ya dube ni, ya dubi Anti. "Wace ce amaryar?"

"Ni ne," in ji Anti. "Za ka zo?"

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Filin jirgin Kaduna yana can bayan gari, sai ka ɗauka direba ya ɓata. Wurin jirgin gwamnati gwanin kyau. Wata mata mai yunifom a goge ta karɓi tikiti, ta kira Anti "madam", ta ba mu kati mai lambar kujera. Muka zauna cikin masu kwat da manyan riguna, kowa da jarida. Muka zauna. Muka ƙara zama. Aka ce jirgin yana Kano. Can aka ce ya bar Kano. Can kuma aka ce an tafi da shi wani aiki, ba a faɗi wane aiki ba. Abin da ya ba ni haushi, babu wanda ya tashi ya tambaya. Mutane sai su naɗe jarida su buɗe wata.

Anti kuwa hankalinta kwance. Ta ce, "Ashe duk jirgi ɗaya ne. Kamar muna tashan Kafanchan."

Ta tagar gilashi muna ganin wasu jirage suna sauka suna tashi. Duk wanda ya sauka, sai ka ga an buɗe wata ƙofa, mutane sun ɓarke da gudu kamar an ce kasuwa ta kama da wuta. Anti ta girgiza kai. "Ubangiji ya kiyaye mu da irin wancan."

Da rana ta yi sanyi aka dawo mana da jakarmu, aka ce mu zo gobe. Har da "ku yi haƙuri", cikin murmushi.

Muka sauka gidan Kawu Bitrus a Sabon Tasha, ɗaki da falo, yara kamar makarantar Lahadi. Matarsa ta yi mana paten acca mai yakuwa, na ci da rabin hankali. Ta dage sai ta ga rigar, hannunta duk manja. Na ce a'a. Ta ce ai ba cinyewa za ta yi ba. Na ce na sani, a'a dai. Na yi matashi da jakar a kan doguwar kujera.

Juma'a da safe muka koma. Matar jiya, murmushin jiya. "Ku zauna, za a sanar." Rana ta fara ɗagawa, ga shi gobe ne ɗaurin aure. Ina tsaye ina cizon leɓe sai na ji an ce, "Maman Yakubu! Me kuke yi a nan kamar masu zaman makoki?"

Hajiya Dije ce, mai shagon atamfa da leshi a kasuwar Kafanchan. A wurinta na sayi yadin rigar. Ita da Anti, wadda take kira Maman Yakubu, sun san juna tun suna 'yan mata, ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Na lura ta ɗaure mayafinta a ƙugu, kuma a ƙafarta takalmin kambas ne irin na 'yan makaranta.

Anti ta nuna mata tikitinmu da alfahari. Hajiya ta yi dariya har haƙorin Makka ya fito.

"Wannan ai na wanda bikinsa ke wata mai zuwa ne."

"Na gwamnati ne fa, Hajiya."

"Shi ya sa. Ko kin hau ko ba ki hau ba, albashinsu na zuwa. Waɗancan kuwa in ba ki hau ba, ba su ci abinci ba."

"Gad ya ce kar mu kuskura. An ce tsofaffin jirgi ne da Turawa suka gama da su."

"Ni da ke ma tsofaffi ne, Maman Yakubu, ba ga mu muna tafiya ba?"

Ban jira su gama ba. Na ɗauki jakata na ce, "Anti, in za ki zauna ki zauna. Ni na tafi." Ta biyo ni tana cewa za ta gaya wa yayanta komai.

Ɓangaren 'yan kasuwa ba shi da bambanci da tashar mota, illa babu kaji. Tebura a jere, kowane kamfani da nasa, 'yan kamasho suna ihu, "Legas! Legas! Yanzu zai tashi!" Wani ya kama hannun jakata, wani ya kama ɗaya hannun, sai da Hajiya ta daka musu tsawa. Tikitin falle ɗaya ne, an rubuta a tsaye, kuɗinsa bai kai na gwamnati ba, kuma an mayar da ni "Misis Zigi". Babu lambar kujera. Suka auna jakata suka ce ta yi girma, ba ta shiga ciki da ni. Suka karɓa, suka ba ni 'yar takarda. Na samu takarda, kaya ya fita hannuna. Suka miƙo hannu ga ta Anti, ta ƙara rungumewa.

"Ni Kwoi na yi aure, garin citta," in ji ta. "Mai citta ba ya ba wani buhunsa."

Hajiya ta ja ni gefe ta yi mini karatu. "'Yata, cire wannan takalmin mai tsini. In an buɗe ƙofa, gudu za ki yi. Wanda ya zauna shi ke da kujera. In kujeru sun ƙare, a sauko da mutum ko waye ubansa. Ke ce mai ƙafa, ki kama mana uku. Ni zan jawo wannan tsohuwar."

"Wa ne tsohuwa?" in ji Anti.

Hajiya ta koya mini komai, sai abu ɗaya. Ta bar shi ne don ta ɗauka babu wanda bai san shi ba.

Aka buɗe ƙofa. Waɗanda muka yi sakandare tare kun san ni a filin gudu. Na wuce wani alhaji da ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Na wuce wani mai kwat yana gudu da 'yar jakar ofis a ka. Kwalta tana ƙona mini tafin ƙafa, ban kula ba. Da na kusa jirgin sai na ga an jera jakunkuna a ƙasa, layi-layi, mutane suna karkatawa can, wannan ya taɓa tasa, wancan ya nuna tasa, ma'aikata suna ɗauka suna jefawa cikin amalanke. Na hango tawa a tsakiya. Na ce a raina, dubi mutanen nan marasa tarbiyya, an ba su takarda amma sai sun je sun duba. Na kau da kai, kamar yadda aka rene ni, na haye matakala.

Na kama kujeru uku kusa da taga. Na zauna a ɗaya, na ɗora takalmi ɗaya-ɗaya a kan sauran. Wani mutum ya tsaya yana haki.

"Takalmi ma ya yanki tikiti?"

Na ce, "Mai shi tana zuwa, kuma ta fi ka nauyi."

Can sai ga su, Hajiya a gaba tana ja, Anti a baya, ɗankwali ya karkace, jakar daddawa a ƙirji. Ta faɗa kujera ta ce in ta mutu a gaya wa Zumunta ni ce.

Ta taga na ga wani ma'aikaci ya ɗaga jakata sama yana ihu yana juyawa. Na ɗauka abokin aikinsa yake kira. Aka rufe ƙofa. Jirgi ya fara tafiya. Jakata tana nan ita kaɗai a kan kwalta, sabuwa, tana ƙyalli. Wallahi ko a lokacin ban damu ba. Na ce ai akwai wata ƙofa ta baya, kamar taragon kaya.

Tashin jirgi, ga masu tambaya: kamar wani ya danne ka a ƙirji, sannan cikinka ya rage a ƙasa. Kunne ya toshe. Anti ta kama hannuna da na Hajiya ta fara waƙar Zumunta da ƙarfi, Hajiya tana nata salati a hankali, babu wadda ta saki hannun wata. Da muka daidaita aka zo da biskit da lemon kwali da alewa guda. Shi ke nan abincin. Hajiya ta buɗe jakarta ta fito da dambun nama, ta ce wanda ya dogara da biskit ɗinsu zai sauka da jiri. Ina cikin ci sai ta ce, "'Yata, kin nuna jakarki dai ko?"

"In nuna wa wa?"

Ta ajiye dambun. "A gindin jirgi. Da aka jera kaya."

"Na gan ta. Tana nan lafiya."

"Kin nuna ta da hannu? Kin ce wannan tawa ce?"

"Ai sun ba ni takarda, Hajiya."

"Inna lillahi." Ta dafe kai. Sannan ta yi mini bayani. Duk jakar da mai ita bai tsaya ya nuna ba, ba a sa ta a jirgi, don tsoron kada wani ya ba da kaya da mugun abu a ciki shi kuma ya ƙi hawa. Ihun da ma'aikacin nan yake yi, mai jakar yake nema.

"Amma sun ba shi takarda," in ji Anti, tana nuna ni.

"Takarda ta hau, Maman Yakubu. Jaka ba ta hau ba."

Ban san yadda sauran tafiyar ta kasance ba. An ce an ga teku ta taga. Ni Yaya Rahila kawai nake gani, tsaye a ƙofar coci da zani. Daddawar Anti za ta isa Legas, rigar amarya tana Kaduna.

Zafin Legas kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Babu wanda ya zo tarye, domin jiya suka zo suka gaji. Hajiya ta kai mu ofishin manajan kamfanin, wani ɗan ɗaki, mutumin yana cin abinci yana amsa waya. Ya ce jakar tana nan, babu abin da zai same ta, amma ba za a ɗora ta ba sai mai ita ya nuna. Na ce ya buga waya. Ya ce ba a nuna jaka ta waya. Na yi masa magana da Turancin makaranta. Na koma broka. Na koma Hausa. Da na ga bai motsa ba na koma yarenmu, wanda ko Hajiya ba ta ji, amma kowa a wurin ya gane abin da nake nufi.

Hajiya ta bar ni na gaji, sannan ta gyara mayafi ta zauna kamar a shagonta. Ta ce masa ya san ta, ya san matan kasuwar da take zuwa da su. Ta nuna teburin wani kamfani da ke fuskantar ƙofarsa. Akawun can ma har ya fara yafito mu da hannu. Ta ce ita ba ta da rigima, daga yau can za su koma, shi ke nan. Manajan ya dubi akawun, ya dube ni, ya ajiye cokali. Ya rubuta a bar ni in koma Kaduna a jirgin da ya kawo mu, in dawo da na farko gobe da safe.

"Madam, don Allah ɗauke ta daga nan," ya ce wa Hajiya.

Wannan ne abin da ba za ka samu a wurin gwamnati ba. Can babu wanda yake tsoron Hajiya ta koma wani tebur.

Hajiya ta ce za ta kai Anti bariki da kanta. Anti ta riƙe ni, idonta ya yi ja. "Me zan gaya wa Rahila?"

"Ki ce ta yi wanka ta jira ni."

Haka na koma cikin jirgin da na fito, ban ga komai na Legas ba sai ofishin manaja. Ma'aikaciyar da ta ba ni biskit ta dube ni ta ce, "Ba ke ce yanzu...?" Na ce ni ce, ta kawo biskit. A Kaduna na sami jakata a wani sito, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Da na shiga gidan Kawu da ita, matarsa ta saki muciya. "Har an ɗaura?" Na sa ta wanke hannu da sabulu, na buɗe mata gefe ɗaya ta gani. Sai ta ce gobe da kanta za ta tashe ni.

Asabar da sassafe ina bakin ƙofar nan, ba takalmi. Aka buɗe, na yi gudu, amma wannan karon wurin kaya na nufa. Na nuna jakar da hannu biyu. Na ce tawa ce da Hausa, na ce da Turanci. Na tsaya har aka ɗauke ta, na bi amalanken da ido har ta shige cikin jirgi. Sai da na juyo na gane abin da na yi wa kaina: kowa ya hau, ni ce ta ƙarshe a matakala. Jiya ni na tafi na bar riga, yau riga za ta tafi ta bar ni.

Na shiga, ko'ina kai. Ma'aikaciyar ta fara kallona irin kallon da ake yi wa wanda za a sauke. Can baya na hango kujera ɗaya da hula a kai, wani mutum mai ƙiba a gefe yana kallon taga.

"Mai hular yana zuwa," in ji shi, bai ko juyo ba.

Na ɗauki hular na ɗora masa a cinya na zauna. "In ya zo ya same ta a nan."

Babu wanda ya zo. Ashe wurin ajiye gwiwar hannu yake nema.

A Legas na ɗauki tasi, muka shiga cunkoson da ban taɓa ganin irinsa ba. Motoci tsaye, masu talla suna sayar da komai ta taga, har da tsintsiya da agogon bango. Na sauka na tare ɗan acaɓa, na ɗora jaka a kai na riƙe da hannu ɗaya. Tun daga ƙofar bariki na ji kiɗan tulu da kacau-kacau. Anti ce ta tattara matan Zumunta na bariki, suna waƙa tun safe don kada jama'a su gane ana jiran wani abu. An ce sun gama littafin waƙa sun koma farko. Fasto yana duba agogo, ango yana zufa cikin kaki.

Yaya Rahila tana ɗakin bayan coci, an gama mata kwalliya, zani ɗaure a ƙirji. A kan kujera ga wata farar riga da wata ƙawarta ta kawo, tata ce ta aurenta. Mama ta ce tun safe suke roƙonta ta sa, ta ƙi ko taɓawa. Da na shigo ba ta ce mini sannu ba, ba ta ce ina kika tsaya ba. Ta miƙe kawai ta ɗaga hannuwa sama, kamar yadda take yi in zan gwada ta a gida.

Zif ya hau har tsakiyar baya ya tsaya. Abincin Legas ya karɓe ta. Na ce, "Yaya, riƙe numfashi." Ta riƙe. Na ja, ya haye. Ta juya gaban madubi, sai Mama ta fara kuka, ni kuma na durƙusa ina gyara gindin rigar don kada a ga fuskata. Ƙawar nan mai maganar labule ta zagaya ta, ta ce gefen hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Na duba. Gaskiyarta ne. Amma da Yaya ta shiga coci, Zumunta suka yi guɗa har Fasto ya ɗaga hannu ba su daina ba.

Bayan biki na gaya wa Baba komai. Ya saurara, ya ce, "Sun ba ki takarda?" Na ce sun ba ni. Ya ce, "To laifinsu ne." Ya ƙara da cewa jirgin ƙasansu tun ranar Alhamis ya iso, ba wanda ya yi gudu.

Legas kanta ban ga da yawa ba. Mutane ba sa gaisuwa a hanya. Na ce wa wata mata ina kwana, ta riƙe jakarta. Amala baƙi ne kamar an ƙona tuwo, amma yana da daɗi, barkono ne dai ba su san iyaka ba. A kasuwar bariki kuwa na ji yarenmu fiye da yadda nake ji a Kafanchan.

Dawowa muka yi amfani da rabin tikitin gwamnati. Zan faɗi gaskiya: ya makara, amma ya tashi. Kuma da ya tashi, ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Muka taka a hankali kamar masu shiga coci, kujera da faɗi, aka kawo shinkafa da kaza a tire, da shayi, da cokali mai yatsu. Anti ta ce wannan ne jirgi. Wani mutum ya zo da lambar kujera irin tawa sak, aka yi ta ba mu haƙuri har aka sama masa wuri. A gindin wannan jirgin ma an jera kaya kowa ya nuna nasa. Ashe ba halin mai araha ba ne, haka ake yi a duk jirgin sama. Mu 'yan reluwe ne kawai ba a gaya wa ba.

Don haka masu tambaya wanne ya fi, in tsohuwa za ki kai ganin jika, ba ranar da aka sa, ki saya mata na gwamnati ta ci kaza. In kuwa akwai wanda ke tsaye yana jiran ki, ki cire takalmi.

A wurin cin abincin biki wasu 'yan mata biyu da za su auri sojoji a watan Kirsimeti sun ja ni bayan rumfa na auna su. Na karɓi aikin. Hajiya za ta koma saro kaya wata mai zuwa, zan bi ta in zaɓi leshin da idona. In na gama ɗinki, ni zan kai da kaina, a jirgin 'yan kasuwa. Baba bai yarda ba tukuna, na dai gaya masa. A hanyar dawowa na fito da tef na auna daga cinyata zuwa bayan kujerar gaba, na rage kaɗan saboda ta mai araha ta fi matsi. Na kai wa kafintan bakin tasha awon. Akwatin da zai yi mini zai ci rigar amarya biyu, kuma a kan cinyata zai zauna.